Kasuwa Ta Samu 'Yanci, Ƙuri'a Ta Jira

Sa'ad da Janar Babangida ya karɓi mulki a 1985, ya soke dokar soja ta 4 wadda ta ɗaure bakin 'yan jarida, ya kuma nemi ra'ayin jama'a game da rancen IMF. Jama'a suka ce a kai kasuwa. Gwamnati ta ƙi kuɗin, amma a 1986 ta rungumi sharuɗɗan da sunan SAP. Aka rushe hukumomin sayen gyaɗa, auduga da koko, aka saki Naira ta faɗi warwas. Manomin koko ya dara, mai albashi kuwa ya ji a jikinsa, har ɗalibai suka yi bore a 1989. Mulkin farar hula fa? Aka yi ta ɗaga ranarsa. Da aka yi zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Abiola na kan gaba, sai aka soke shi.