Tabon da ke cinye tsokar yara masu cutar Duchenne

Yaro mai cutar Duchenne kan fara da yawan faɗuwa, kuma sai ya dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe. Sha-raɓarsa kan yi kauri, iyaye su ɗauka ƙarfi ne, alhali kitse ne da tabo.

Jikinsa ba ya samar da sinadarin dystrophin mai kare tsoka, don haka kullum tana yagewa. Tun jiki na gyarawa har ya gaza, sai tabo mai tauri ya maye gurbinta, har a zuciya da tsokar numfashi.

A watan Maris na 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin givinostat ga 'yan shekara 6 zuwa sama. Yana rage saurin lalacewar, amma ba ya dawo da tsokar da ta riga ta zama tabo.