Baƙin Ruwa Ba Shi Ne Kyawun Shayi Ba

A teburin mai shayi a Madarunfa, ko a fadar samari, da wuya a tashi ba ka ji wani ya ɗaga kofi ya ce, "Wannan ganye ba shi da ƙarfi, dubi ruwansa." A wurinmu, shayin da ya yi baƙi wuluk shi ne na kirki. Na san tushen wannan magana, kuma ina girmama ta. Masuncin da ya fito daga tabki da asubar hunturu yana neman abin da zai buɗe masa ido ne, kuma wanda ya biya kuɗinsa yana son ya ga abin da ya saya. Amma ƴan'uwa, launi ba ya shaidar ganye.

Ku gwada da kanku. A dafa buta guda, a raba kofi biyu. A matsa lemun tsami a ɗaya, nan take zai washe ya koma ja-ja. A jefa ɗan ƙwayar kanwa a ɗayan, zai yi duhu kamar an ninka ganye. Ganye ɗaya ne, ruwan ne ya sauya. Haka ma ruwan wata rijiyar kan ba da launin da ruwan sama ba zai bayar ba.

Sai kuma yankan ganyen. Abin da ke cikin ƴar jakar nan mai zare galibi gari ne, na injin da ke murƙushe ganye ya yayyaga shi, wanda aka ƙirƙiro a Assam ta Indiya wajen 1930, kuma da shi Kenya ke sarrafa yawancin shayinta. Gari yana sakin launi cikin minti guda. Shayin Darjeeling kuwa, da ke cikin mafi tsada a duniya, ruwansa fayau yake kamar zuma, ƙamshinsa ake saye.

Masu sana'ar ɗanɗano suna auna giram 2 ga ruwa mililita 100, su zuba tafasasshen ruwa a farin tangaran, su rufe minti 6, ba tare da sun mayar kan wuta ba. Sukan sunsuna jiƙaƙƙen ganyen, sannan su zuƙi cokali da ƙara don ya watsu a baki har ƙamshin ya hau hanci. Suna duba launi, gaskiya ne, amma haskensa suke nema, ko yana sheƙi ko ya dushe.

Abin da ya fi damuna shi ne barin buta a kan gawayi tana ta ɓararraka. Ƙamshin da ka ji ya cika rumfa, ai daga kofinka ya tsere. Abin da ya rage bauri ne mai ɗaure harshe, sai mu bi shi da sukari da madara da citta, mu ce ya yi ƙarfi. Ni dai nakan roƙi mai shayi ya tsam mini kurɓi ɗaya kafin ya sa komai a ciki.