Hannun Da Ke Riƙe Da Baka

A watan Disamba na shekarar 2006 aka yi Wasannin Asiya a Doha, babban birnin ƙasar Katar, aka kuwa yi gasar harbin kibiya a filin Lusail da ke arewa da birnin. Maharban Koriya ta Kudu suka kwashe lambobin zinariya huɗun da aka sa duka. Wanda ya ci na maza shi ne Im Dong-hyun, saurayin da aka sha ba da labarin raunin ganinsa. Shi ne kuma a Landan, cikin 2012, ya sami maki 699 daga cikin 720, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Ashe ido kaɗai ba ya kai kibiya inda ake so, sai jiki ya tsaya daidai, musamman hannun da ke riƙe da baka.

Dalilin haka a fili yake. A irin wannan gasa, tsakanin maharbi da allon da yake auna mita 70 ne, da'irar tsakiya mai maki goma kuwa faɗinta santimita 12.2 ne kacal. Daga haɓar maharbi zuwa hannun da ya miƙa bai fi kimanin santimita 70 ba. Saboda haka idan hannun ya goce da milimita ɗaya tak a lokacin sakin tsarkiya, kibiya za ta kauce da kusan santimita goma, ta fita daga da'irar.

To, yaya ake tsai da hannun? Da fari dai kafaɗa. Gwanaye sukan bar ta a ƙasa, ba su yarda ta ɗaga wajen kunne ba, domin ƙashin hannu da na kafaɗa su jeru a layi guda. Ƙarfin da ake ɗame bakan maza da shi yakan kai kimanin kilo 20. In ƙashi ne ya ɗauki wannan nauyi, hannu ya tsaya kamar ginshiƙi. In kuwa aka bar wa tsoka, nan da nan sai gajiya da karkarwa, wani lokaci har da ciwon kafaɗa mai wuyar warkewa.

Sai gwiwar hannu. Ana murɗa ta kaɗan har tsininta ya dubi gefe, ba ƙasa ba. Wanda bai yi haka ba tsarkiya takan tsula masa bulala a hannu, ya riƙa noƙewa tun bai saki kibiya ba.

Riƙon kansa ma da ƙa'ida. Baka tana zama ne a kan tudun tafin hannu da ke gindin babban yatsa, sauran yatsu a sake. Damƙe ta da ƙarfi yana murɗa ta. Shi ya sa 'yan gasa ke ɗaura 'yar igiya a yatsu ko a wuyan hannu, don kada baka ta faɗi bayan harbi. Daga ƙarshe, hannu ba ya sauka sai kibiya ta kafe, gama mai garajen leƙen inda ta faɗa yakan sauke shi tun ba ta rabu da baka ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin 1804, 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka tsaya wa dawakin Gobir har suka rinjaye su. Bakan maharbin daji ta itace ce, ta 'yan gasa kuwa ta ƙarfe da sauran kayan zamani, amma abin da ake bukata ga hannu ɗaya ne. Masu koyarwa sukan sa ɗalibi ya fara da baka mai sauƙin ja, ya tsaya kusa da allo, yana maimaitawa kullum har tsayuwar ta zame masa jiki, kafin a ƙara masa nisa ko nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.