Camry ko Lexus ES350: Wacce Ce Za Ta Jure Maka a Kankiya?

Waɗanda data ba ta bari su saurari murya, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa ni da mota, ni da aka sani da surutun katin zaɓe da kuɗin mazaɓu. To, taubashina ne ya jawo. Ɗan kawuna ne, shekara shida yana harkar hatsi tsakanin kasuwar Charanchi da Dawanau, Allah ya rufa masa asiri ya tara ɗan abin da ya tara. Ranar nan ya same ni a majalisa ya miƙo min waya da hotuna biyu, Camry ta 2008, wadda muke kira Muscle, da Lexus ES350 ita ma ta 2008. Ya ce, "Kai ɗan boko, yau dai bokonka ya yi rana. An ce Lexus ba ta mutuwa. Duba min."

Na yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Kuɗin da zai zuba kusan rabin jarinsa ne. In motar ta zama ciwon kai, ba motar kaɗai za ta tsaya ba, har sayen gero da masara na kakar bana. Shi ya sa na ɗauki mako biyu ina karatu, ina kuma zama a garejin wani bakanike a bakin titin Kano zuwa Katsina ina takura masa da tambaya.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, motocin nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Lexus na kamfanin Toyota ne. A 1989 suka fito da sunan domin su yi gogayya da Mercedes da BMW a kasuwar Amurka, kuma ES ta farko, ES250, a kan Camry aka gina ta. Haka aka ci gaba. ES350 ta 2007 zuwa 2012 da Camry ta 2007 zuwa 2011 ƙashin bayansu ɗaya ne. Sai daga 2013 ne ES ta ƙara tsawo ta koma kusa da Avalon. Ƙarin kuɗin da kake biya a Lexus na kujerun fata ne, da abin tare ƙara da aka cusa a ƙofofi da ƙasa, da fenti mai kyau, da na'urori. Ita a Japan aka haɗa ta, yawancin Camry da ke zuwa mana daga Amurka kuma a can aka haɗa su, musamman a jihar Kentucky.

To ina bambancin da ya shafi daɗewa? A injin yake.

ES350 injin ɗaya take zuwa da shi, mai filogi shida, lita 3.5, sunansa 2GR-FE. Akwai Camry mai irin wannan injin sak, amma yawancin Muscle da ke yawo a nan masu filogi huɗu ne, lita 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE. Kuma a nan ne abin ya ba ni mamaki, domin na shiga binciken nan da tunanin zan kare Camry. Injin 2.4 ɗin na 2007 zuwa 2009 yana da cuta sananniya: yana shan baƙin mai. Matsalar daga ringin fistin take. Ƙananan ƙofofin da mai ke bi ya koma ƙasa suna toshewa da dauɗa, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Toyota da kanta ta amince, ta buɗe shirin gyara wa masu motar a Amurka idan gwaji ya nuna tana shan kusan lita ɗaya a ƙasa da kilomita 2,000. Wa'adin shirin ya daɗe da ƙarewa, kuma ba duk motar aka kai ba. Wasu daga cikin waɗanda ba a kai ba su ne a gabanmu yau. Ba kowace ce ke yi ba, amma wadda ke yi, in mai ita ba mai jan sandar duba mai ba ne, wata rana a tsakanin Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa zai ji ƙwas-ƙwas, shi ke nan injin ya buga.

Daga samfurin 2010 aka canza wa Camry injin zuwa lita 2.5, wato 2AR-FE, kuma wannan bai yi suna da waccan cutar ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kuwa injin Lexus ɗin, maganar gaskiya, yana cikin injinan da Toyota ta fi alfahari da su. Sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba, saɓanin ES300 da ES330 da sai an riƙa canza musu bel. Amma shi ma yana da nasa. A na shekarun farko akwai wani bututun baƙin mai da aka yi wani sashensa da roba. In robar ta tsufa tana iya fashewa, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna kana tsaka da gudu. Toyota ta yi kiran a kawo a canza, daga baya ma aka koma yin bututun da ƙarfe zalla. Duk wanda zai sayi ES350 ta 2007 ko 2008, ya sa a leƙa masa wannan bututun kafin ya taɓa aljihu.

Kun ga ke nan, in ƙarfe da ƙarfe za a gwada, 2008 da 2008, ni Lexus zan ba. Da na faɗa wa taubashina haka har ya fara murna. Na ce masa tsaya tukuna.

Akwai wani kamfani a Amurka, J.D. Power, da ke fitar da jerin motocin da suka fi rashin ba da matsala duk shekara, kuma sau da yawa Lexus ce ke zuwa ta ɗaya. Dillalai na son wannan maganar. Abin da ba sa faɗa shi ne, motoci 'yan shekara uku ake aunawa, a hannun mutanen da ke kai su sabis a kan lokaci, a kan titi mai kyau. Mu kuma motar da muke magana a kai ta haura shekara 15, ta bi hannu uku ko huɗu, wataƙila an juya mata lambar tafiya, za ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara, wata rana kuma dole ta sha man 'yan bumburutu. A wurinmu tambayar ba wai wacce ce ba ta lalacewa ba. Duk suna lalacewa. Tambayar ita ce, ranar da ta tsaya, kwana nawa da naira nawa kafin ta tashi?

A nan Camry mai filogi huɗu take cin Lexus da nisa. Bakaniken da nake zama wurinsa ya buɗe min bonet biyu ya ce, "Malam, duba da idonka." A Camry filogi huɗun nan a jere suke a sama, minti kaɗan an canza. A Lexus uku ne a gaba, ukun baya suna ɓoye ta wajen gilashi, sai an kwance bututun iskar da ke saman injin kafin hannu ya kai. Famfon ruwa ma haka, a matse yake, aikinsa na yini ne. Kwal shida ne maimakon huɗu. Baƙin mai, Camry tana ɗaukar lita huɗu da 'yan kai, Lexus kuma lita shida da ɗoriya, wato duk sabis galan ɗaya ba zai ishe ka ba. Giyarta mai hawa shida ba ta da sandar duba mai, akwai yadda ake auna shi da zafin da ake so ya kai, kuma man da Toyota ta ce a zuba nau'in WS ne. Wanda bai sani ba ya zuba mata kowane jan mai, bayan wasu watanni ta fara fizga, a ce ai giyar Lexus ba ta da kyau. Ba giyar ba ce.

Sannan kayan wuta. ES350 da maɓalli ake tayar da ita, kujera da sitiyari duk lantarki ke motsa su. Daɗi ne in suna aiki. In makullin ya ɓace ko wata na'ura ta rikice, ba aikin mai wayarin na bakin tasha ba ne, sai mai kwamfuta a Katsina ko Kano. Fitilar gaba, madubin gefe, bamba, in na Camry ne za ka iya samu a Katsina, wani lokaci ma a nan gida. In na Lexus ne, galibi sai an buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a can a jira daga Ladipo a Legas. Daga Kankiya zuwa Kano ya haura kilomita 100. Mutumin Kusada ko Rimaye da motarsa ta ƙi tashi da asuba, matarsa na naƙuda, ba ruwansa da jerin J.D. Power.

Af, kafin in manta, akwai cutar da suka yi tarayya a kai: dashbod da ke narkewa ya yi danƙo a rana. Camry ta wancan zamanin tana yi, ES350 ta 2007 da 2008 ma tana yi. In a Amurka ya narke, ka ƙiyasta ranar watan Afrilu a Katsina.

Maganar fetur kuwa, a takarda bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ƙiyasin hukumar Amurka ya ba Camry mai filogi huɗu wajen kilomita 10 a lita ɗaya, ES350 kuma 9 da ɗan wani abu. Kamar lita ɗaya ke nan a cikin goma. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ba wanda ya damu. Amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, lita ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Darajar naira ta faɗi, duk kayan gyaran da ake shigowa da su suka bi ta. Kuma mu yi wa juna gaskiya, matashin da ya samu injin mai ƙarfin doki 272 a ƙarƙashin ƙafarsa, ba tuƙin takarda zai yi ba.

Akwai kuma laifinmu, mu da masu gyaranmu. Mota tana zuwa, abu na farko a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Sai injin ya daina kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai. A zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya injin, tsatsa ta ci shi ta ciki. A fasa salansa a sayar da abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi. A zuba baƙin mai mai kauri saboda ya fi araha. Duk motocin biyu suna jin jiki da wannan, sai dai in ɓarna ta faru, injin Camry na Beljiyam ya fi sauƙin samu, ya fi sauƙin kuɗi. Wannan shi ne asalin abin da mutane ke nufi in sun ce Camry ba ta mutuwa. Tana mutuwa, tayar da ita ne bai da wuya.

Ni ga yadda na yanke wa taubashina. In kana da kuɗin shiga da ba ya yankewa, bayan ka biya motar akwai ragowar da za ka iya ajiyewa domin ita kaɗai, kuma kana yawan shiga Kano ko Katsina, ES350 mai lafiya za ta yi maka shekaru, za ka kuma ji daɗin doguwar tafiya da Camry ba za ta ba ka ba. In kuwa sai ka tattara komai kafin kuɗin su kai, kamar shi, to ka nemi Camry ta 2010 ko 2011 mai injin 2.5. Kuma ko wacce ce, tarihin ita wannan motar da ke gabanka ya fi sunan da ke jikinta muhimmanci. Kowace mota tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba, VIN. Da ita ake bincikawa a intanet a ga ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma irin waɗannan motocin ana gwanjonsu a fitar da su waje, wasu su faɗo Afirka ta Yamma.

Ranar Asabar muka ɗauki bakaniken muka je ganin motocin biyu. Na ce wa dillalin kar ya tayar da ko ɗaya kafin mu iso, domin injin mai sanyi ba ya ɓoye aibinsa. Camry na tashi ta yi tari da hayaƙi shuɗi-shuɗi, aka ja sanda, mai ya yi ƙasa da alama. Lexus kuwa ta tashi shiru kamar ba a kunna ba, ƙamshin fata, sanyi ko'ina. Taubashina ya zauna a ciki ya ƙi fitowa. Bakaniken bai ce komai ba, ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, ya kira mu. Busasshen laka ne, ƙusoshin kujera sun yi tsatsa, kawunan wayoyi sun yi kore. Dillalin ya ce wankin mota ne. Bakaniken ya ce, "Alhaji, wane mai wankin mota ne yake wanki da laka?"

Ba mu sayi ko ɗaya ba. Kuɗin mota da na bakanike ne kawai muka yi asara, kuɗin hatsi suna nan. Yanzu an ba mu labarin wata Camry ta 2010 a Katsina, ran Laraba za mu je, kuma na ce a turo min lambar VIN ɗin tun kafin mu tashi. Shi dai har yau hoton Lexus ɗin nan ne a fuskar wayarsa, in na yi magana ya ce ɗan boko bai san daɗi ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, zan faɗa muku yadda muka yi da ta Katsinan.