Wanda Bai Yarda Akwai Allah Ba, Ko Za A Ba Shi Amana?

Idan mai awo ya tauye mudu, ko direba ya buge yaro ya gudu, abin da mukan ce shi ne, "Wannan ba ya tsoron Allah." Harshenmu ya ɗaure tsoron Allah da halin kirki da igiya ɗaya, har ba mu saba tunanin ɗaya ba tare da ɗayan ba. A shekarar 2019 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta yi tambaya a ƙasashe 34, ko dole ne mutum ya gaskata da Allah kafin ya zama mai halin kirki. A Nijeriya mutum 93 cikin 100 suka ce dole ne. A Suwidin mutum 9 kaɗai suka ce haka.

To, mai karatu, ina za mu sa mutumin da ya fito fili ya ce shi bai yarda akwai Allah ba sam? Irinsa ake kira mulhidi. Mu a Kano ba sai mun je ƙasar Turawa neman misali ba.

Mubarak Bala ɗan Kano ne, injiniya, an haife shi a gidan Musulmi. A 2014, da ya gaya wa danginsa ya bar addini, sai aka kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya yi kwana 18 a can. Daga baya ya zama shugaban wata ƙungiya ta marasa addini a Nijeriya. Ran 28 ga Afrilu 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna suka kawo shi Kano, saboda waɗansu maganganu da ya rubuta a Facebook waɗanda suka ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. A watan Afrilu 2022 ya amsa laifi gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage shi zuwa shekara 5 a watan Mayu 2024, aka sake shi cikin wannan shekara. Ba zan maimaita abin da ya rubuta ba, ba na kuwa goyon bayan zagin abin da maƙwabcina yake girmamawa. Amma a lura, a cikin tuhumar duka babu sata, babu zamba, babu jinin kowa. Duk da haka na ji masu bi da yawa a Sabon Gari suna cewa, "Ai wanda ba shi da Allah, me ba zai aikata ba?"

Bari mu gwada wannan magana a kasuwa, gama a nan ne ake sanin hali. Tun zamanin ayari Fagge zango ne na baƙi a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Fiye da shekara 100 ke nan kuɗi da kaya suna kai da kawowa tsakanin unguwannin nan biyu. Alhaji a Kantin Kwari yakan ba ɗan Ibo dilar atamfa bashi, ba takarda, ba shaida. Ɗan canji a Wapa yakan riƙe kuɗin wanda bai taɓa ganin ƙofar gidansa ba. Kafin a ba da bashin nan, me ake bincike? Ana tambaya ko mutumin yana biya a kan lokaci, wa ya san shi, ya taɓa cin amanar wani. Ban taɓa jin dillali ya tambayi sau nawa mutum yake zuwa sujada ba. Kowane ɗan kasuwa kuma ya san shago mai ayar Littafi Mai Tsarki a allonsa da ake sayar da jabu a ciki, ya san mai dogon carbi da ba a ba shi ajiyar ko sisi. Da baki muna cewa addini ne ma'aunin mutum, amma ranar da dukiyarmu za ta shiga hannun wani, da wani ma'auni dabam muke awo.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Dattawanmu suna tune da Disamba 1980, lokacin da rikicin Maitatsine ya tashi daga 'Yan Awaki ya ci rayuka fiye da 4,000. A watan Oktoba 1982 gardama a kan ginin cocin Anglika a Fagge ta kai ga ƙona majami'u da dama. A watan Oktoba 1991, saboda zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, aka yi kwanaki ana kashe-kashe tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma kada mu ruɗi kanmu, hannun masu amsa sunan Almasihu ma ya taɓa jini a ranakun nan. Waɗanda suka ɗauki adda da fetur ba mulhidai ba ne. Kowannensu da ka tsayar da shi ka tambaya, zai rantse maka yana tsoron Allah.

Kada kuma wani ya ce rashin addini ne magani. A 1967 gwamnatin Enver Hoxha ta rufe dukan masallatai da majami'u na Albaniya, ta ce ƙasar ta rabu da Allah. Abin da ya biyo baya kurkuku ne da tsoro, har ɗa yana kai ƙarar ubansa.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya yi lacca a 1973 a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki. Ya lissafta halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da yawa cikin kakannin masu karanta wannan mujalla Maguzawa ne, ba su da masallaci, ba su da coci, ba su da littafi. Ba mulhidai ba ne, gama sun san akwai Mahalicci, amma ba wa'azi ya koya musu riƙon amana da karɓar baƙo ba. Wa zai tashi ya ce kakarsa ba ta san kunya ba sai da mishan ya zo?

Littafi Mai Tsarki kansa bai koya mana cewa marar bangaskiya ba ya sanin nagarta ba. A sura ta biyu ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya nuna cewa al'umman da ba a ba su Shari'a ba sukan aikata abin da Shari'a take so, domin suna da lamiri mai ba su laifi ko ya wanke su. Watau lamiri kyauta ce ga ɗan Adam duka, kamar ruwan sama da ba ya zaɓen gona. Ubangijinmu ma da zai ba da misalin maƙwabci nagari, ya bar firist da Balawi suka wuce, ya ɗauko Basamariye, mutumin da masu sauraronsa suke ganin addininsa gurɓatacce ne.

Saboda haka amsata ita ce, i, mulhidi yana iya zama mai gaskiya, mai tausayi, mai riƙon amana, wani ma ya kunyata mu. Inda na rabu da shi wani wuri ne. Shi zai ce ɗan Adam ya koyi kirki ne domin sai da shi zaman tare yake yiwuwa, kamar yadda kasuwa ba ta ci sai da amana. Wannan bayani ya ishe ni a kan mudu da bashi. Bai ishe ni ba a kan mutumin da ya buɗe ƙofarsa ya ɓoye maƙwabcinsa ranar tarzoma, yana sane za a iya ƙone gidan da 'ya'yansa a ciki, kuma ba ribar da zai samu. An yi irin waɗannan a Fagge, an yi su a Sabon Gari. Muryar da ta ce masa "dole ne ka buɗe," daga ina take da wannan iko? Ni na gaskata muryar Mahalicci ce, ko mai jinta ya san sunansa ko bai sani ba. Mulhidi zai ce a'a. Gardama ce ta gaske, masana sun daɗe suna yinta, kuma ban ga yadda ɗaurin shekara 24 zai raba ta ba.

Mu masu bi ya kamata jikinmu ya yi sanyi a nan fiye da kowa. A daular Rum, da sunan marasa allah aka riƙa tsananta wa Kirista, domin sun ƙi yin hadaya ga gumaka da Kaisar. Da wannan zargi aka kashe tsoho Polikab, bishop na Samirna, wajen shekara ta 155. Har yau kuma akwai mai kiranmu arna a bakin titi. Dokar da ta kama Mubarak Bala a kan cin mutuncin addini da ta da hankalin jama'a ba ta ware mai wa'azin kasuwa ba.

Maganar ta fi kusa da gida fiye da yadda iyaye suke zato. A ajin manya 'yan makaranta sukan yi mini tambayoyin da ba za su iya yi a gaban fasto ba, yawanci abin da suka gani a waya ne. Wata rana ɗanka zai iya dawowa daga jami'a ya ce, "Baba, ni fa ban ƙara gaskatawa ba." Wannan abin baƙin ciki ne, abin addu'a ne da hawaye. Amma yaron bai zama ɓarawo a daren nan ba, bai kuwa haukace ba. In da ma kana ba shi mabuɗin shago, ci gaba da ba shi, a kuma zuba masa tuwonsa tare da 'yan'uwansa.

C. S. Lewis, malamin jami'ar Okasfod a Ingila wanda littattafansa suka taimaki masu bi da yawa, ya bar bangaskiya tun yana saurayi, ya yi shekaru yana mulhidi. Hujjarsa ita ce duniya cike take da zalunci. Daga baya ya tambayi kansa inda ya samo ma'aunin da yake kiran abu zalunci da shi. Ya komo ga Almasihu a watan Satumba 1931 yana da shekara 32, kwanaki kaɗan bayan abokansa biyu masu bi sun zauna suna ta hira da shi har ƙarfe uku na dare.