Rashanci a Minna: Harshen da Ba Shi da Aji

A shekarar 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dmitri Olderogge na Leningrad, kuma Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa. Rashawa sun daɗe da duƙufa kan nazarinmu. Mu kuwa, yaron Minna da ke burin zama malamin Rashanci, ya karanta Pushkin da Tolstoy a harshensu, sai dai ya ɗauki jaka ya nufi Ibadan ko Legas ko Nsukka. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, kimiyya ta sa a gaba.

Ba wai ba mu taɓa samun masu jin harshen ba. Zamanin Tarayyar Sobiyet ɗalibanmu da yawa sun tafi can da tallafin karatu, shekarar farko kacokan suna koyon harshe, suka dawo likitoci da injiniyoyi. Sai dai harshen tsani ne kawai gare su, babu wanda ya ba su aji su koyar. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, da Rashawa suka karɓi kwangilarsa a 1979, shi ne zai buƙaci tafintoci. Ya tsaya cak, Sobiyet ɗin ma ta wargaje a 1991. Ga kuma babban dalili: Larabci da Faransanci suna da gurbi a sakandare, Rashanci babu. Uban da ya tambayi ɗansa, "To, me za ka ci da shi?" bai yi laifi ba.

Yanzu ne giɓin ya fito fili. A Afrilun 2024 masu horar da sojoji daga Rasha suka sauka Yamai. A Agustan shekarar matasa suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna yayin zanga-zangar tsadar rayuwa, har aka kama telolin da suka ɗinka ta. Abin ya dame ni ƙwarai: masu yabon Rasha da masu zaginta duk da labarin wasu suke magana, an tace musu shi da Ingilishi ko Faransanci.

Jami'o'in Minna da Lapai su fara ko da darasin zaɓi ne, su nemo tsofaffin ɗaliban Sobiyet su koyar tun suna da sauran ƙarfi.