Kwalbar Hajiya da Na'urar Filin Jirgi

'Yan uwa ɗalibai, duk shekara da zarar an sha ruwan ƙaramar sallah, gidaje da yawa a nan Rogo da Ƙaraye sukan shiga hidimar haɗa kayan maniyyata. Kowa kuma ya san wanda ake kira idan an zo karanta takardar da aka raba a wurin bita: ɗan makaranta. "Zo ka duba mana, kai da ka yi boko." Saboda haka ko da ba ka taɓa ganin cikin jirgin sama ba, akwai wata doka da ya kamata ka sani, domin wata rana kai za a miƙa wa jakar Kaka ko ta Baffa a ce ka shirya.

Matafiyi yana da jaka iri biyu. Akwai babbar jaka wadda ake aunawa a karɓa a saka a cikin rumbun jirgi, ba zai sake ganin ta ba sai ya sauka. Akwai kuma jakar hannu wadda yake shiga da ita, wadda ga alhazanmu ba a so ta wuce kilo 8. Dokar da muke magana a kai ta jakar hannu ce. Duk wani abu mai ruwa-ruwa da za a shiga da shi jirgi, dole ya kasance a cikin mazubin da bai wuce mililita 100 ba. Sannan a tara duk ƙananan mazuban a cikin leda guda ɗaya mai zif, wadda ake ganin abin da ke cikinta, wadda cinta bai wuce lita ɗaya ba. Mutum ɗaya, leda ɗaya.

Nawa ne mililita 100? Ledar fiya wata da muke sha a bakin makaranta mililita 500 ce. Raba ta gida biyar, kashi ɗaya shi ne iyakar abin da aka yarda. Ƙananan kwalaben turaren nan na mililita 3 da 6 da 12 duk sun tsira.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne nan: girman kwalbar ake dubawa, ba yawan abin da ya rage a ciki ba. Idan Hajiya tana da robar man shafawa mai cin mililita 400, ta yi amfani da shi har saura ɗan kaɗan a gindi, jami'in bincike ba zai tsaya auna ragowar ba. Lambar da ke jikin robar zai karanta, ya ajiye ta gefe. Ba kuma za a adana mata ba har ta dawo. Ko dai ta bar shi nan, ko ta koma baya neman babbar jakarta wadda ta riga ta shige, layi kuma yana tafiya.

Wannan doka ba ta tsufa ba sosai, wasu yayyenmu ma sun girme ta. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka kama mutum fiye da 20 bisa zargin shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga filin Heathrow na Landan zuwa Amurka da Kanada. Dabararsu ita ce su zuba sinadarin fashewa mai ruwa a cikin kwalaben lemo, a gan shi kamar abin sha, su harhaɗa bam ɗin bayan jirgi ya tashi. A kwanakin farko bayan kamen, kusan komai aka hana shiga da shi jirgi a Birtaniya. Daga baya aka sassauta zuwa mililita 100, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta ba ƙasashe shawarar su bi wannan tsari daga shekarar 2007. Na'urorin haska kaya na wancan lokaci suna iya nuna wuƙa ko bindiga, amma ba sa iya bambance ruwan lemo da ruwan sinadari. Tunda ba a iya gane abin da ke cikin kwalba, sai aka rage girman kwalbar da yawan kwalaben. Abin da wasu mutane suka ƙulla a Landan shi ne yau yake raba tsohuwa daga Rogo da kwalbar zumarta a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano.

To me ake nufi da abu mai ruwa-ruwa? A nan ne fahimtarmu da ta filin jirgi suka sha bamban. Mu idan aka ce ruwa, abin sha muke nufi. A wurin jami'in bincike kuwa, duk abin da za a iya zubawa, ko a shafa, ko a matsa ya fito, ko a fesa, ruwa ne. Makilin yana ciki. Basilin da man kaɗanya da man gashi suna ciki. Humra da turaren fesawa da sabulun ruwa suna ciki. Zuma, manja, man gyaɗa, kunu, fura da aka dama, duk suna ciki. Man shanu ma, ko da sanyin hunturu ya sandarar da shi ya yi kamar dutse, kada ka yi gardama a kansa, domin abin da ke narkewa a shafa ana lissafa shi da mai. Busassun kaya irin su sabulun wanka na sanda, asuwaki da garin kwalli ba su shiga wannan dokar ba. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa su ma ba ruwa ba ne, sai dai kowace ƙasa tana da nata ƙa'idar kan abincin da ake shigar mata, kuma kowa ya ji gargaɗin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, take yi duk shekara cewa kada a ɗauki goro zuwa Saudiyya.

A ganina mafi sauƙi shi ne a rage kayan ruwa tun daga gida. Tafiyar Kano zuwa Jidda ko Madina awa huɗu zuwa biyar ce. Me mutum yake bukata a wannan ɗan lokaci da kuma zaman jira a sansanin alhazai? Ƙaramin makilin ko asuwaki, ɗan man shafawa a ƙaramar roba, sabulu guda. Sauran duk su tafi babbar jaka, ko a saya a can, tunda ba daji za a je ba.

An yi rangwame a kan abu biyu. Na farko magani. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin, ko mai shan maganin ruwa da kwalbarsa ta wuce mililita 100, zai iya shiga da shi, amma ya bar shi a kwalinsa na asali, ya riƙe takardar likita, ya kuma nuna wa jami'i da kansa kafin a tambaye shi. Kada a juye maganin Kaka a wata kwalbar da ba rubutu don a rage wuri, kada kuma a jefa shi babbar jaka, domin jaka takan yi latti ta bar mai ita. Na biyu madara da abincin jariri, gwargwadon abin da zai ci a hanya. Ruwan sha kuwa a shanye kafin a kai wurin bincike. Gorar da ba komai a ciki tana wucewa.

Saka kwalba a babbar jaka ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma 'yan ajin kimiyya za su gane dalili. Jirgi yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Ana cusa iska a cikinsa don mutane su yi numfashi, amma ƙarfin iskar ba ya kai na ƙasa, ya fi kama da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Kwalbar da aka rufe a Rogo ta kulle iskar Rogo a cikinta. Idan matsin waje ya ragu, iskar ciki sai ta kumbura tana neman hanyar fita, ta tura man da ke gabanta ta bakin murfi. Dokar Boyle ke nan da muke haddacewa saboda jarrabawa, ga ta a cikin jakar Alhaji, ta ɓata masa farin harami da manja. Abin mamaki, kwalbar da aka sha rabi ta fi cikakkiya saurin yoyo, domin ta fi ta iska. Maganinsa: a matse iskar robar kafin a rufe, a shimfiɗa 'yar leda a bakin kwalba sannan a murɗa murfi a kai, a ɗaure da salatif, a saka cikin leda biyu, a ajiye nesa da fararen kaya. Maganin sauro na fesawa da kananzir da duk abin da ke kama wuta ba su da wuri a kowace jaka.

Sai babbar jarrabawa, wadda take zuwa a hanyar dawowa: zamzam. Babu alhajin da ba ya so ya ƙaro ko da gora ɗaya saboda 'yan uwa da maƙwabta da za su zo barka da sauka. Amma hukumomin Saudiyya sun hana saka zamzam a cikin babbar jaka, jakar hannu kuma dokar mililita 100 ta riga ta rufe ƙofa. Wasu sukan naɗe gora a cikin darduma ko zani suna zaton ba za a gani ba. Na'ura tana gani, sai a ware jakar a buɗe a cire, wani lokaci mai ita ya iso gida ita tana can. Tsarin da NAHCON take bi shi ne jiragen da suka kai alhazai, maimakon su dawo wayam, sai su ɗauko zamzam su kawo Najeriya tun kafin a gama aikin Hajji. Idan alhaji ya sauka sai a ba shi jarkarsa ta lita 5 a rufe. Haka ma manyan kwalaben turaren da ake saye a kasuwannin Makka da Madina don tsaraba, wurinsu babbar jaka, a naɗe su da kyau.

Wataƙila kafin wasunmu su hau jirgi dokar ta canza. An ƙera sababbin na'urori masu haska kaya ta kowace fuska, irin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta asibiti, waɗanda ke iya tantance abin da ke cikin kwalba. A shekarar 2025 filayen jirgin Edinburgh da Birmingham a Birtaniya suka fara barin fasinja ya wuce da mazubi har na lita 2. Sai dai kowane fili da nasa na'urar, kuma wanda zai sauya jirgi a Alƙahira ko Addis Ababa za a iya sake binciken jakarsa a can. Don haka idan an miƙo maka jakar hannu, juya kowace kwalba ka nemi lambar da ke jikinta kusa da haruffan "ml". Idan an rubuta "cl" ne, kada ta wuce 10.